Tambaya da Amsa: Gyaran Maƙala kan Kitabul Farƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar tarihi ce, nakan ɗan taɓa rubutu a Wikipedia. Na rubuta maƙala kan Kitabul Farƙi na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, na ce sarakunan Haɓe azzalumai ne masu cin dukiyar talakawa. Wani edita ya goge jimlar. Ashe ba gaskiya na faɗa ba? Daga wata ɗaliba, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Editan nan bai cuce ki ba. Jimlar taki hukunci ce, ita kuwa maƙalar kundin sani aikinta ta faɗi wa ya ce me, a ina. Shehu ya rubuta littafin ne yana ɓangare guda na rikicin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804 da jihadin da ya biyo baya. Saboda haka ki rubuta "Shehu ya zargi sarakunan da kaza", ki bar mai karatu da hankalinsa.

Kuma "zalunci" kawai ya yi miki kaɗan, don littafin ya ambaci abubuwa da sunayensu: jangali, kuɗin gari, kuɗin salla, gaisuwar da ake kai wa masu sarauta, tawasa da ake karɓa wurin mahauta, kamuwa (wato kama dabbobin mutane ba da izininsu ba don ɗaukar kayan sarki), gargaɗin tilasta mutane fita yaƙi, har da zuba ƙasa a ka yayin gaida sarki. Waɗannan su ne naman maƙalar. Ki yi bayanin kowanne a jimla ɗaya, don yaran yanzu da yawa ko jangali ba su sani ba.

Abin da masu gyara suka fi mantawa shi ne ɗaya rabin littafin, inda ya zayyana mulkin da yake so: kada a ba mai neman mulki mulki, a riƙa shawara, a bar tsanantawa, a yi adalci, a kyautata. Maƙalar da ta kawo suka ta bar wannan, gurguwa ce.

Batun madogara, ki nemi bugun Mervyn Hiskett na 1960, wanda ya fitar da nassin Larabcin tare da fassarar Turanci a mujallar makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Landan. Ki sa lambar shafi ga kowace magana. Shekarar da Shehu ya wallafa littafin kuma, kada ki rubuta ta sai kin jingina ta ga masanin da ya faɗa. Kafin ki mayar da jimlar, ki fara yi wa editan bayani a shafin tattaunawa. Allah ya yi miki albarka.