Takardar filin tana da sunan yayanka: gyara wannan kafin ka aza tubali

Wasiƙar wannan mako ta fito daga wani ɗan Maradi da ke aiki a Beljiyam. Ya ce shekara 4 yana turo kuɗi, har yayansa ya sai masa fili a bakin gari ta hannun wani dillali, kuma yana son gina ciki da falo huɗu ya zuba 'yan haya. Damuwarsa ita ce takardar cinikin da aka turo masa hotonta sunan yayan ne a kai, dillalin kuma ya ce ba a sa sunan wanda ba ya ƙasa. Da ya yi magana, sai mahaifiyarsu ta kira shi tana cewa ya fara zargin ɗan'uwansa.

Ɗan'uwa, abin da dillalin ya faɗa maka ƙarya ce. Babu abin da ya hana a rubuta fili da sunanka kana waje. Takardar wakilci za ka yi a ofishin jakadancin Nijar da ke Brussels, ka ambaci wakilinka da iyakar abin da ka ba shi ikon yi, ya sa hannu a madadinka, sunanka kuma ya hau takarda. Dillalin da ya ɓoye maka wannan, ina jin tsoron akwai abin da ba ya son ofis ya gani. Na ga wanda ya dawo daga Italiya ya tarar mutum uku suna riƙe da takardar ciniki ta fili ɗaya, kowace da sa hannun shaidu. Na ga kuma wanda aka sayar wa gonar gado da ba a raba ba, sai da gini ya kai linta sauran magada suka fito. Takardar ciniki shaida ce kawai cewa kuɗi sun canja hannu. Abin da za ka nema shi ne takardar mallakar da ofishin magajin gari ke bayarwa a kan filin da hukuma ta yanka, mai lambar rukuni da lambar fili, a kai ta a duba ta a rajista, sannan a bi ta gaban notar, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da takardun ciniki, a mai da ita sunanka, daga baya a nemi titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar fili ta gwamnati. Kada ka ƙara turo ko dala ta siminti kafin wannan ya kammala.

Ka kuma sa wanda ba shi da alaƙa da cinikin ya je ya tsaya a kan filin. Ruwan Gulbi ne ya cinye tsohon garin Maradi a 1945 har aka hau tudu, kuma daminar 2024 ta rushe gidaje da yawa a garin, don haka fili mai araha a cikin kwari ko kan hanyar ruwa bai dace da gidan haya ba.

Sai batun gida, wanda na san shi ya fi hana ka barci. Ban ce yayanka maci amana ba ne, kuma mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi. Amma rai na hannun Allah. Idan ta Allah ta kasance gare shi gobe, filin nan zai shiga gadon matarsa da 'ya'yansa, kai kuma ba ka da hujja sai rasit ɗin turo kuɗi. Ranar nan zumuncin da ake cewa ana karewa shi zai fara mutuwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma da muminai take magana. Wannan za ka faɗa wa Inna cikin ladabi, idan ya yiwu ta bakin kawunka ko limamin unguwa, amma kada ka janye. Ba daidai ba ne a sa wanda ke aikin dare cikin sanyin Turai ya ji kunyar neman sunansa a kan guminsa.

Tun yanzu ma ka yanke maganar waɗanda za su zauna a ciki, domin da zarar an sa ƙofa za a ce ƙanenka ya yi aure, ko ɗan gwaggo ya shigo Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, a ba shi ɗaki. Idan kana son taimaka musu, ware ɗaki guda da niyyar sadaka ka faɗa a fili, sauran kuma haya ce da yarjejeniya a rubuce, kowane ɗaki da awon wutarsa na NIGELEC, kuɗin kuma su shiga asusunka kai tsaye. Wanda zai karɓa maka, a yanka masa lada sananne, ko da ɗan'uwa ne.

Ka yi lissafi da ido buɗe. A misali, ɗaki huɗu a kan jika 25 (sefa dubu 25) kowanne jika 100 ke nan a wata, wato kusan yuro 152, tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai. Idan fili da gini suka ci miliyan 20, za ka haura shekara 16 kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire haraji da gyaran rufi da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa ba. Saboda haka kada ka ci bashin banki a can don wannan gini. Fara da ɗaki biyu bayan takarda ta fito da sunanka, ka ga yadda haya ke shigowa shekara guda, sannan ka ƙara.