Amsa ga Yayana a Bauchi: Dalilin da ya sa 'ya'yanmu ke koyon Sifaniyanci tun daga firamare

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman makarantarka.

Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji 'yata, takwarar Inna, tana ƙirge da wani yare a waya, da ka bincika aka ce maka Sifaniyanci ne, kuma a makaranta ake koya musu tun daga ajin farko. Ka tambaya, yarinyar da Hausarta ba ta gama nuna ba, karatunta na allo bai yi nisa ba, me ya kai mu ɗora mata harshe na huɗu? Har ka tuna mini cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Maganar ta tsaya mini a rai. Na san kuma ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba, kusan duk wanda ke da ɗan'uwa a nan Amurka ya taɓa yin ta, shi ya sa na zauna na rubuta amsar a tsanake.

Sai ka san inda muke zaune tukuna. Mutanen gida suna ɗaukan Amurka ƙasar Turanci ce zalla, alhali ba haka take ba. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutanen da asalinsu daga ƙasashen masu Sifaniyanci yake sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan, kuma fiye da miliyan 40 da shi suke magana a gidajensu. A yankinmu na Bronx, cikin birnin New York, sun fi rabin jama'a, yawancinsu 'yan Jamhuriyar Dominika da Puerto Rico da Meziko. Mai shagon bakin layinmu da shi yake magana. Haka mai kula da gidan benen da muke haya, wanda in ruwan zafi ya ɗauke a tsakiyar hunturu shi za ka nema. Ni da nake aikin kula da tsofaffi a gidajensu, akwai tsohuwar da na yi wa hidima wadda ba ta jin Turanci sai kalma ɗaya biyu. Ranar da ciwo ya kama ta a ƙirji, sai da na buga wa 'yarta waya a wurin aiki kafin in gane abin da take faɗa mini. Ka ɗauki Bajari daga Dass ko Basayi daga Bogoro da ya sauko kasuwar Muda Lawal ba ya jin Hausa. Zai yi ciniki, amma rabin abin da ke gudana a kansa zai wuce shi, kuma ba zai taɓa yarda ɗansa ya tashi haka ba. Matsayinmu ke nan a unguwar nan.

Yadda ake koyarwar iri biyu ne, kuma mutane suna yawan haɗa su. Akwai makarantun da malama ke shigowa sau biyu ko uku a mako, ta yi rabin awa, a yi waƙa, a koyi launuka da ranakun mako. Wannan ba laifi, amma yaro ba ya fita da harshe a bakinsa. Kai ma ka san yadda Faransancin ƙaramar sakandare ya ƙare wa yawancinmu. Na biyun shi ne wanda muka sa takwarar Inna, tsarin harshe biyu. A nan ba darasin Sifaniyanci ake yi ba, karatun ne gaba ɗaya ake rabawa. Wasu makarantun suna farawa da kashi 90 na Sifaniyanci da kashi 10 na Turanci, sannan su riƙa daidaitawa shekara bayan shekara. Tamu rabi da rabi take yi tun daga farko.

Ɗakuna biyu ne suna kallon juna, malamai biyu. Yau yara suna ɗakin Turanci, gobe suna ɗakin Sifaniyanci, lissafin da aka tsaya a kai jiya daga nan za a ɗora, ba a maimaitawa. Rubutun bangon ɗakin Turanci shuɗi ne, na ɗakin Sifaniyanci ja, don yaro ya san inda yake da ido kafin ya ji da kunne. Ana ƙoƙarin haɗa ajin ya zama rabin yaran masu Sifaniyanci ne a gida, rabi masu Turanci, a zaunar da su biyu-biyu. Yau wannan ne gwani yana jan ɗan'uwansa, gobe a juya. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da aka bar iyaye suka shiga kallo shi ne malamar ba ta fassara ko kalma ɗaya. Tana koyar da ragi, sai ta zube wake a kan tabarmar ajin, ta ƙirga goma da ƙarfi, ta kwashe uku ta sa a aljihu, ta buɗe hannuwa tana tambaya da fuska. Yaro ya amsa da Turanci, ba ta tsawata masa ba, ta maimaita amsarsa da Sifaniyanci, ta sa ajin duka suka faɗa. Watannin farko 'yarka shiru take yi a wannan ɗaki, har mahaifinta ya fara zancen a cire ta. Malamar ta ce mu yi haƙuri, kunne ne ke cika kafin baki ya buɗe. Kafin ƙarshen shekara ta fara gyara mini lafazi.

Ga abin da nake so ka kula da shi a matsayinka na hedimasta. Sifaniyanci wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, kuma yadda muke furta su a bokon Hausa haka suke furta su. Kusan yadda aka rubuta kalma haka ake karanta ta. Da gaɓa suke koya wa yara karatu, ma me mi mo mu, daidai yadda aka koya mana ba be bi bo bu. Turanci kuwa ka san halinsa, harafi ɗaya ya yi maka sauti uku. Da yarinyar nan ta kama karatun Sifaniyanci, sai na miƙa mata wani ɗan littafin Hausa na firamare da na zo da shi. Ta fara haɗa gaɓoɓin da kanta. Abin da ya rage mini kawai in nuna mata ɓ da ɗ da ƙ, da ts, in gaya mata h da j ɗinmu ba irin nasu ba ne. Wanta da ya yi ajin Turanci zalla har yau in ya ga rubutun Hausa sai ya karanta shi da bakin Bature.

Tsoron da kowane uba ke yi shi ne kada Turancin ya raunana, tunda da shi ake zana jarrabawar jiha tun daga aji uku. Gaskiya ne a shekarun farko wasu yaran sukan ɗan yi baya. Amma an bi diddigin abin. A birnin Portland, inda ƙuri'a ake jefawa wajen ɗaukar yara, masu bincike sun gwada waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba. Suka tarar a aji biyar 'yan harshe biyu sun wuce sauran a karatun Turanci da kimanin wata bakwai, a aji takwas da kimanin wata tara. Su kansu Amurkawa sun daɗe suna kai da komo a kan batun. Makarantar gwamnati da aka fi ambata da fara wannan tsari ita ce Coral Way a Miami, a 1963, lokacin da 'yan Kyuba suka kwararo. Jihar Kalifoniya ta kaɗa ƙuri'ar taƙaita koyarwa da harshe biyu a 1998, sannan ta dawo ta soke dokar a 2016. Yanzu masu hali ma rububin guraben suke yi, abin da ke ƙaranci shi ne malamai, har daga Sifen ake ɗauko wasu.

Sai batun addini, wanda na san shi ne can ƙasan tambayarka. Makarantar gwamnati a nan ba ta da ikon sa yara ibada, Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a aji tun 1962. Duk da haka harshe ba ya zuwa shi kaɗai, da al'adarsa yake tafe. Akwai bikin tunawa da matattu na mutanen Meziko a farkon Nuwamba, akwai waƙoƙin Kirsimeti, akwai ranar da iyaye ke kawo abinci, kuma naman alade ba ya rabuwa da girkinsu. A nan ne aikinmu yake. Tun farkon shekara muke zuwa mu zauna da malama, mu ce ga abin da 'yarmu za ta shiga, ga wanda za a ba ta wani aiki ta yi a gefe. Ban taɓa samun wadda ta ƙi ba. Ranar abinci kuwa ni ma da ƙullin masata da miyar taushe nake zuwa, kuma ba a rage ko ɗaya. Makarantun gwamnatin birnin nan suna hutun Sallah tun daga 2015. Asabar da Lahadi yaranmu suna Islamiyya a masallaci, hannun malamai Hausawa 'yan zangon Gana da 'yan Nijar. A sahun Juma'a za ka ga 'yan Puerto Rico da suka musulunta, kuma wa'azi da harshensu suke nema. Kada kuma ka manta ƙasar da harshen ya fito ita ce Sifen, a cikinta kuma Andalus take, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 zuwa 1492. Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan Kordoba ne, Ibnu Malik da malaman zaure ke haddace nahawunsa a Jayyan aka haife shi. Da Larabci suka yi rubutu, ba da Sifaniyanci ba, amma ƙasar ba baƙuwarmu ba ce.

Ba duka muka yarda da tsarin ba, kada ka ɗauka bakinmu ɗaya. Wata ƙawata ta ce kan yaro ba buhu ba ne, Turanci da Alƙur'ani sun ishe shi. 'Yan'uwanmu na Nijar da yawa sun fi son Faransanci, don 'ya'yansu su iya karatu in sun koma. Wanda kuma ya zo da yaro ɗan shekara tara ko goma, mu da kanmu muke ba shi shawara ya bar shi a ajin Turanci, domin tsarin na wanda ya fara tun daga tushe ne.

Inda na saɓa da kai shi ne zaton Sifaniyanci ke cinye Hausar 'ya'yanmu. Wallahi ba shi ba ne. Turanci ne, kuma da hannunmu muke ba shi. Uwa ta dawo aiki a gajiye, ta yi wa yaro magana da Hausa, ya amsa da Turanci, ta bi shi a haka don a gama da wuri. Shekara biyu sai ka ga yaro yana ji amma ba ya mayarwa. Ƙaninsa kuma ko jin ba zai yi ba, tunda wansa da Turanci yake masa wasa. Kai da kake Bauchi ba sai an ba ka labarin wannan ba. Malam Yakubu da ya kafa garin Bageri ne, amma yau zagaya cikin ganuwa ka nemo yaron da ke jin Geranci. Ba wanda ya kafa dokar hana shi, iyaye ne suka ga Hausa ta fi sauƙi. A gida mu ne babban harshen da ke haɗiye ƙanana, a nan mu ne ƙaramin.

Abin da ajin harshe biyu ya yi mana a wannan fage ban zata ba. Yaro a ajin Turanci zalla yakan ji kunyar uwarsa ta yi masa yare a ƙofar makaranta. A ajin takwarar Inna kuwa, mai harshe biyu shi ne gwani, da malama ta gano tana da na uku sai ta sa ta koya wa ajin gaisuwar Hausa. Tun daga ranar ta fara tambayata sunayen abubuwa a kicin. A gidanmu yanzu doka ce, daga an rufe ƙofa sai Hausa, wanda ya nemi abu da Turanci sai ya sake tambaya. Gidaje da dama a cikinmu haka suke yi, masu hali kuma suna tura yara gida hutun bazara.

Ka tambaya ko ina ganin a kawo irin wannan makarantunku. Sifaniyanci dai a'a. Duk Afirka ƙasa ɗaya ce tak mai cikakken 'yanci da ta riƙe shi harshen hukuma, Ikwatoriyal Gini, kuma ɗan Ningi ko Misau ba shi da wanda zai yi shi da shi. Faransanci da Larabci sun fi kusa da ku. Dabarar ce abin ɗauka. Yaronku yana zuwa aji ɗaya da Hausa cike da baki, sai a tare shi da Turancin da malamin kansa bai sake da shi ba, ya yi shekara shida yana kwafe allo bai iya karanta ko ɗaya ba. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyarwa da Yarbanci tsawon firamare a Ife tun daga 1970, yaran kuma ba su gaza a Turanci ba. A 2022, lokacin Malam Adamu Adamu, ɗan jiharmu, yana ministan ilimi, gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a 2025 aka janye. Ni a ganina ba sai an zaɓi ɗaya an yar da ɗaya ba. Ko a yanzu kana iya ware lokacin da Hausa ce zalla, yaro ya iya haɗa baƙi da wasali sosai, da lokacin da Turanci ne zalla, a ba malamin da ya fi iya shi, yana nuni da abin da ido ke gani maimakon ya faɗi jimla ya fassara. Na san yawan yaran ajinku da ƙarancin littattafai, ban ce abu ne mai sauƙi ba. Amma wake da tsakuwa ba su gagare ku ba.

Ina da roƙo biyu. In an samu mai zuwa, ka aiko mana littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, iyaye da yawa a nan suna nema. Sannan in ka kira ranar Lahadi, don Allah ka daina yi wa yaran Turanci don ka sauƙaƙa musu. Ka yi musu Hausa, in sun yi shiru ka jira su, ka kuma gaya wa su Inna da Goggo su ma su yi haka.

A gaida Inna da kowa da kowa.

Ƙanwarka, daga Bronx.