Tun da mura ta kama ni muƙamuƙina ke ciwo, mene ne mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Kwana biyu ke nan ina fama da mura da ɗan zazzaɓi, amma abin da ya fi damuna yanzu shi ne muƙamuƙina. Kullum da safe nakan tashi kumatuna sun yi tsami, gefen kaina na sarawa, buɗe baki ma sai a hankali. Maigidana ya ce cikin dare yana jin ƙarar haƙorana ina gurza su, ni kuwa ban san ina yi ba. Da ma nakan yi hakan jefi-jefi, amma bai taɓa kaiwa haka ba. Ina shan maganin mura da na ciwon jiki. Murar ce ta jawo? Me zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda kika bayyana abin, ya fi kama da gajiyar tsoka, kuma irin wannan yakan lafa idan rashin lafiyar ta wuce.

Ki ɗora yatsunki a kumatu, ƙasa kaɗan da gaban kunne, sannan ki cije haƙora. Wannan dunƙulen da ya taso ƙarƙashin yatsunki ita ce babbar tsokar tauna. Akwai wata kuma shimfiɗe a gefen kai, sama da kunne, wadda ita ce ke kawo miki ciwon kan nan na safe. A al'ada haƙoran sama da na ƙasa ba sa haɗuwa sai lokacin tauna da haɗiya, wanda jimlarsa a yini bai wuce mintuna kaɗan ba. Sauran lokacin akwai ɗan sarari tsakaninsu, kamar milimita 2 zuwa 4. Mai cizon haƙora cikin barci kuwa yakan matsa su da ƙarfi, a kai a kai, ba tare da ya ji zafin da zai sa ya saki ba. Saboda haka tsokar take wayar gari kamar ƙafar da ta yini tana tafiya.

Mura ba ita ke haifar da ɗabi'ar ba, tana dai tsananta ta ga wanda da ma yake da ita. Yawancin cizon haƙoran dare yana zuwa ne a daidai lokacin da barci ya ɗan katse na 'yan daƙiƙu, irin katsewar da mutum ba ya tunawa da safe. Hanci a toshe, tari, zufa, makyarkyata, duk suna ƙara yawan wannan katsewar. Ga kuma ciwon jiki na zazzaɓi wanda ke sa kowace tsoka ta fi jin zafi fiye da kullum. Sau da yawa ana cewa tsutsar ciki ce ke sa cizon haƙora, to babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan hakan, kada ki je ki sha maganin tsutsa saboda wannan.

Yanzu ki ɗauko kwalayen magungunan da kike sha, ki karanta abin da aka haɗa a ciki. Wannan shi ne abin da na fi so ki yi a yau. Magungunan mura da dama suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci irin su pseudoephedrine, wasu kuma da kafin, irin wanda ke cikin kofi da shayi. Dukansu suna wartsake jiki su hana barci mai nauyi, sai matse haƙoran ya ƙaru. Idan dole ne a sha, a sha da rana, a bar shi kusa da kwanciya, mai hawan jini kuma ya tambayi likita kafin ya taɓa shi. Abu na biyu ya fi wannan haɗari. Yawancin magungunan mura da ma akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya ƙara da wani farasitamol ɗin daban saboda ciwon muƙamuƙi, ya ninka bai sani ba. Babban mutum ba ya wuce giram 4 a cikin awa 24, idan an haɗa duka abin da ya sha, domin wuce hakan yana lalata hanta. Ibuprofen yana taimaka wa irin wannan ciwo, a sha shi bayan cin abinci, amma ba na kowa ba ne. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, da wanda amai ko gudawa suka ƙarar masa da ruwan jiki, duk su nisance shi sai da izinin likita. Idan kuma kina shan maganin damuwa irin su fluoxetine ko sertraline, an san suna iya kawo cizon haƙora. Kada ki daina sha da kanki, ki faɗa wa likitan da ya rubuta miki.

Abin da ke faruwa cikin barci ba ki da iko da shi kai tsaye, amma rana tana hannunki, kuma mutane da yawa masu gurza haƙora da dare suna matse su da rana ma, ba su lura ba. Ki riƙa bincikar kanki: leɓɓa a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance a rufin baki bayan haƙoran gaba na sama. Duk lokacin da kika kama kanki kin cije, musamman kina duba waya ko kina jure ciwon kai, ki saki ki ja numfashi. Da farko za ki yi mamakin yawan lokutan da za ki kama kanki.

Ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi, ki matse, ki ɗora a kumatu biyun na minti 15 zuwa 20, da safe da kuma kafin kwanciya. Bayan ɗumin ya shiga, ki sa yatsu biyu ki riƙa murza tsokar a hankali kina zagayawa, baki a ɗan buɗe. Idan zafin ya sa kin yamutsa fuska, kin danna da yawa. Na 'yan kwanakin nan ki zaɓi abinci mai laushi, ki yanka shi ƙanana, ki bar cingam da taunar ƙanƙara da cizon farce ko murfin biro. In hamma ta zo, ki tallafe haɓa da hannu don kada bakin ya wage sosai. Ki sha ruwa da yawa. Da dare ki ɗaga kai da ƙarin matashi, ki wanke hanci da ruwan gishirin da ake sayarwa don hakan, kuma ki guji kwanciya rub da ciki, domin tana danne muƙamuƙi gefe guda.

Za ki ji ana maganar robar da ake sawa a baki da dare. Tana kare haƙora daga lalacewa, wasu kuma tana rage musu ciwo, amma ba ta hana cizon. Ni ba na ba da shawarar a fara amfani da ita a tsakiyar mura, hanci a toshe ko zuciya na tashi. Ki bari ki warke, likitan haƙori ya auna bakinki ya yi miki daidai ke. Waɗanda ake saye a tsoma a ruwan zafi a cije, na ɗan lokaci ne kawai.

Sai dai ba kowane ciwon muƙamuƙi ba ne na cizon haƙora, kuma rashin lafiya takan ɓoye wasu abubuwan. Kumburin kogon hanci yana sa turamen sama ciwo, wanda ke ƙaruwa idan an sunkuya. Ciwon kunne ma yakan sauko nan. Waɗannan a ga likita, amma ba gaggawa. Wanda ba ya jira shi ne kumburin fuska ko ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi da wahalar haɗiya ko numfashi, domin yana iya zama ƙurjin haƙori da ya yaɗu. Haka nan idan baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, musamman bayan wani rauni ko tsire ƙusa, ana tsoron cutar tetanus. Idan muƙamuƙi ko harshe ko wuya ya murɗe bayan shan maganin amai irin su metoclopramide, illar maganin ce, kuma ana warware ta da allura a asibiti. Ciwon muƙamuƙi da ya zo da nauyin ƙirji, zufa, haki ko ciwon hannu yana iya zama na zuciya, kuma a wurin mata da masu ciwon suga yakan zo ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Wanda ya haura shekara 50 kuma, idan muƙamuƙinsa na gajiya yana cikin tauna, ga sabon ciwon kai a gefe, ko gani ya fara dishi-dishi, a ranar zai ga likita, saboda jijiyar ido na cikin haɗari.

Akwai gwajin da za ki iya yi a gida. Lafiyayyen baki yana buɗuwa kamar milimita 40 ko fiye, wato yatsunki uku a jere su shiga tsakanin haƙoran gaba. Idan biyu ma ba sa shiga, ko bakin yana maƙalewa, kada ki tilasta shi, ki je a duba.

Idan murar ta tafi amma ciwon ya kai mako biyu bai ragu ba, ko kin ga haƙori ya tsage, ko ruwan sanyi ya fara sa haƙoranki tsami, ki je wurin likitan haƙori. Kafin nan ki roƙi maigidan naki ya ƙara saurarawa: kina minshari mai ƙarfi, ko numfashinki yana ɗaukewa ya dawo cikin barci? Idan haka ne ki faɗa wa likita, domin ɗaukewar numfashi cikin barci tana yawan tafiya tare da cizon haƙora, kuma wasu robobin bakin suna iya ƙara ta.