Idan sufeton gine-gine ya ƙwanƙwasa maka ƙofa a Amurka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka sami gurbin karatu a New York, an yi maka tayin ɗaki mai araha a ƙarƙashin wani gida a Bronx, wani yanki na birnin, ku huɗu za ku zauna, amma ka ji ana cewa ma'aikatan birni kan shigo duba gidaje. Kana tambaya ko suna da ikon faɗo maka ɗaki ba sallama.

Ba su da shi, sai da yardarka ko da takardar alƙali. Aikinsu irin na duba-garin da iyayenmu suka sani ne, sai dai a nan wayar lantarki da hanyar tserewa daga gobara da yawan masu kwana suke bi. Tushen kariyar shari'a ce da ta taso a San Firansisko a 1963. Wani ɗan haya mai suna Roland Camara yana kwana a wani sashe na bene wanda ba a amince a zauna ba. Sau uku sufetoci suka zo, sau uku ya ce su kawo waranti, wato takardar alƙali, aka kama shi. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta ba shi gaskiya, ta ce gyara na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya hana bincike ba bisa ƙa'ida ba, ya hau kan sufeto kamar yadda ya hau kan ɗan sanda.

Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Hukuncin ya kuma sauƙaƙa samun takardar. Ɗan sanda sai ya nuna hujjar zargin laifi. Sufeto kuwa ya ishe shi ya nuna an daɗe ba a duba ginin ba, ko unguwar na cikin jerin waɗanda ake bi, ko akwai alama a fili, kamar ƙararrawar ƙofa huɗu da akwatin wasiƙa huɗu a gidan da aka yi wa rajistar iyali biyu. Ƙin buɗe ƙofa jinkiri kawai yake sayo maka.

Kowace jiha da tsarinta. A Kalifoniya warantin kwana 14 yake aiki, ana zuwa tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, ba a fasa ƙofa ko shiga ba kowa a gida sai alƙali ya rubuta hakan, kuma wanda ya riga ya ƙi ana sanar da shi awa 24 kafin a dawo. Tare hanya bayan an kawo takardar laifi ne. A New York yawanci wani ne yake kiran 311, lambar wayar kai ƙorafi ta birnin, da koke, sufeto ya zo. Idan bai sami shiga ba ya liƙa sanarwa a ƙofa, ya sake dawowa, sannan hukuma ta iya neman izinin kotu. Idan kuwa gobara ce ko warin gas ko bango na shirin faɗuwa, ba a jiran alƙali.

In an ƙwanƙwasa, nemi katin shaidarsa da sunan hukumarsa. In ya ce da waranti, karɓa ka duba sa hannun alƙali, da adireshi, da kwanan wata, da sashen da aka ce a duba. Mai gida na iya shigar da shi zaure da matakala da ɗakin tukunyar dumama gida, amma ba ya iya ba da izinin ɗakin da kake haya a madadinka. Kada ka yi ƙarya, musamman idan mai gida ya koya maka ka ce kai ɗan'uwansa ne da ya zo ziyara. Tarar ginin a wuyansa take, kada ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Abin da ya fi damunmu ma ɗakin ne kansa. A New York ana bambanta ɗakin da aƙalla rabin tsayinsa yake sama da gefen titi da wanda fiye da rabinsa ya nutse a ƙasa, kuma na biyun shi ne aka fi tsanantawa a kan kwana a cikinsa. Ma'aunin da biranen Amurka da yawa ke bi shi ne rufi ya kai ƙafa 7, ɗakin kwanan mutum ɗaya murabba'in ƙafa 70, in an fi ɗaya kowa 50. Ku huɗu ke nan 200. Taga ta zama wadda babba zai iya fita ta ciki, ƙasanta kada ya wuce inci 44 daga daɓe, ba ƙarfen da aka kulle. Ga na'urar jin hayaƙi da ta iskar gas mai kisa wadda ba ta wari. Danna maɓallinsu da yatsanka ka ji ƙara. A Satumbar 2021 ambaliyar guguwar Ida ta kashe mutum 11 a irin waɗannan ɗakuna a birnin, ruwa ya danne ƙofa, ba wata hanyar fita. A Janairun 2022 hitar lantarki ta tayar da gobara a wani dogon bene a Bronx, mutum 17 suka rasu, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Allah Ya jiƙansu. Idan ka ga hita a jone da doguwar waya a kowane lungu, alama ce gidan ba ya ɗumi, alhali doka ta wajabta wa mai gida dumama shi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu.

Ranar da sufeto ya ga ɗakin na da haɗari yana iya liƙa umarnin tashi nan take. Ka kwashe kayanka a ranar, wataƙila tsakiyar jarrabawa. Red Cross kan ba da masauki na 'yan kwanaki, kuɗin ajiyarka kuwa sai ka bi mai gida kotu.

Don haka kafin ka tura ko dala ɗaya, karɓi cikakken adireshin, ka shiga shafin hukumar gine-ginen birnin, kyauta ne. Za ka ga iyali nawa aka amince su zauna, me aka ce a yi da ƙasan gidan, da koke-koken da aka taɓa kaiwa. Wasu gidajen da aka gina kafin 1938 ba su da takardar izinin zama, irinsu sai ka tambayi hukumar kai tsaye. Ka sa wani namu ya je ya ɗauko maka hoton tagar da matakalar, ka kuma nemi yarjejeniyar haya a rubuce da rasit na kowane wata.