Fim ɗin Sarauniya: ina tarihi ya tsaya, ina ƙagen mai fim ya fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na lise a nan Maraɗi. Mun kalli fim ɗin Sarauniya a waya a fadarmu, sai gardama ta kaure. Wani abokina ya ce duk ƙarya ce ta ƴan fim, ni kuma na ce tunda sunayen mutanen gaske aka sa, to gaskiya ce. Da aka yi mana jarrabawa na rubuta cewa Sarauniya ce ta ci Voulet da yaƙi har rundunarsa ta watse, mushe, wato malaminmu, ya ja mini jan biro. Wa ke da gaskiya? Kuma ta yaya mutum zai gane inda fim ya ƙara gishiri?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana. Mushenka bai zalunce ka ba, abokinka kuma ya yi gaggawar yanke hukunci. Mu bi kwanan wata tukuna, don a nan ne jan biron ya same ka.

Rundunar Faransa da Paul Voulet da Julien Chanoine ke jagoranta ta shigo ƙasar nan ta yamma a farkon 1899, da nufin kaiwa tafkin Cadi. Tun daga Sansane Hausa, a bakin kogin Isa, suka fara kashe mutane da ƙona garuruwa don neman hatsi, dabbobi da ƴan dako. A tsakiyar watan Afrilu suka isa Lugu, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, garin Sarauniya. An gwabza ƙwarai. Mutanen Lugu sun ja da baya zuwa cikin kurmi suna harbi da kibau, Faransawa sun ƙona dubban harsasai, sun yi asarar sojoji kaɗan, suka cinna wa garin wuta suka wuce. Sarauniya ba ta shiga hannunsu ba, ba ta kuma yi mubaya'a ba. Wannan kaɗai abin alfahari ne, ba ya bukatar ƙari.

To amma duba abin da ya biyo baya. A farkon watan Mayu, wato bayan Lugu, rundunar ta afka wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da ya fi kowanne muni a duk tafiyar. Rundunar da aka karya a Afrilu ba ta rusa birni mai ganuwa a Mayu. Abin da ya wargaza ta ya zo ne daga wani wajen. Wani hafsa mai suna Péteau, wanda Voulet ya kora, ya rubuta wa matar da zai aura wasiƙa yana ba da labarin ta'asar, wasiƙar ta kai ga hukumomi a Paris, aka turo Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka buɗe wa Klobb wuta aka kashe shi. Daga nan ya shaida wa mutanensa cewa shi ya bar Faransa, zai kafa daular kansa. Sojojinsa baƙar fata, waɗanda akasarinsu daga yankin Mali ta yau aka ɗebo su, suka ga ke nan ba ranar komawa gida. Suka yi tawaye, suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa, a kan hanyar Damagaram. Ka ga ƙarshen labarin a jiharmu ya faru, wata uku bayan Lugu, da nisan tafiya mai yawa. Ragowar rundunar ma ba ta watse ba: kafin watan Yuli ya ƙare ta shiga Damagaram.

Fim ɗin bai ɓoye kisan Klobb ko tawayen ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗaure su da igiya ɗaya zuwa ga Sarauniya, ya nuna tsoronta da asirinta ne suka ci zukatan sojojin har suka juya wa iyayen gidansu baya. Mai kallo yana tashi da jin cewa ita ce sanadi. Kai ma abin da ka tashi da shi ke nan, ka kai shi ɗakin jarrabawa.

Yana da kyau ka san hanyar da labarin ya bi kafin ya iso wayarka. Abdoulaye Mamani, ɗan ƙasar nan, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba wanda ya ɗanɗani gudun hijira da kurkuku, shi ya fitar da littafin Sarauniya a 1980, kuma ƙagaggen labari ya kira shi, bai ce littafin tarihi ba ne. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. An so a ɗauki fim ɗin a Nijar, abin bai yiwu ba, aka ɗauke shi a Burkina Faso zamanin Thomas Sankara. Shi ya sa Aï Keïta, ƴar Burkina, ta fito a matsayin Sarauniya, shi ya sa kuma ba ka jin Hausar Arawa a bakinta. Mutanen nan biyu suna da manufa, ba su kuwa ɓoye ta ba: su bai wa Afirka jaruma wadda ta ce a'a. Sai suka gina mata ƙuruciya, da wanda ya rene ta ya koya mata harbi da magani, da masoyi, da jawabai masu ratsa jiki. Babu wanda ya zauna a Lugu a 1899 yana rubuta abin da ta faɗa. Kuma kalmar Sarauniya a can sarauta ce da ake gada, har yau akwai mai riƙe da ita, kuma aikinta ya fi karkata ga addinin gargajiya na Azna, zaman ɗaki da tsare al'ada, fiye da fita da baka da kwari.

Ni ban ga laifin wannan ƙagen ba. Fim na awa biyu dole ya sa magana a bakin mutane, ya haɗe mutum biyar ya mai da su ɗaya, ya matse wata uku su zama kamar mako. Maroƙi ma idan yana wasa sarki haka yake yi, kuma duk mai hankali a wurin ya san kirari ne. Inda nake tsayawa in bincika shi ne wuri uku: wa ya yi wa wa, me ya riga me, kuma me ya jawo me. A na farko fim ɗin Sarauniya ya tsaya daram. Ƙone-ƙonen, da rataye mutane, da kama mata, duk suna cikin takardun Faransawa da kansu, Klobb ya rubuta abin da ya gani a hanya kafin a kashe shi. Don haka ka gaya wa abokinka, sashen da ya fi kama da ƙari shi ne ya fi tabbata. A na uku ne fim ɗin ya lanƙwasa.

Kada kuma ka ɗauka takardar Bature ita ce alƙali. Rahotannin rundunar waɗanda suka yi kisan ne suka rubuta su, kuma ba su ba Sarauniya wuri mai yawa ba. Ba za ka sa ran hafsan da mace ta gagare shi ya cika shafi da yabonta ba. Abin da tsofaffin Lugu da na Ƙonni suka riƙe a ka shi ma shaida ce, sai dai ana auna ta kamar yadda ake auna takarda, a ga wa ya faɗa, daga wa ya ji, me yake karewa.

Wata tambaya mai amfani ita ce wa ya zuba kuɗin. Fim ɗin Umar Muktar, jagoran turjiyar Libiya, da iyayenku suka sha kallo gwamnatin Gaddafi ce ta ɗauki nauyinsa, duk da haka ginshiƙansa na nan: sansanonin da Italiya ta tsare mutanen Libiya gaskiya ne, rataye shi a 1931 gaskiya ne. Sanin mai kuɗin yana nuna maka inda za ka sa ido ne kawai. Wanda ya fi damuna shi ne irin fim ɗin Amurka na 2022 kan matan yaƙin Dahome, wanda ya sassauta hannun masarautar a cinikin bayi, alhali zamanin Sarki Gezo da wannan cinikin ta yi ƙarfi. Wannan ya taɓa tambayar farko, wa ya yi wa wa, kuma a nan ba na yafiya.

Kurakuran kaya da wuri su ne masu sauƙin kamawa, su ne kuma ƴan fada suka fi so. Idan gobe wani ya yi fim kan Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi na da, ya nuna shi yana hawa daga fadar da ke kan tudu yanzu, kowane dattijo a garin nan zai yi dariya, don Maraɗin wancan zamani a cikin fadamar gulbi take, sai bayan ambaliyar 1945 gari ya hau tudu. Irin wannan yana nuna sakacin bincike, amma bai cika sauya ma'anar labari ba.

Game da takardarka, da ka rubuta cewa Sarauniya ta yi wa rundunar turjiya mai tsanani a Lugu a Afrilun 1899, ba a kama ta ba, sannan rundunar ta ci gaba har Voulet ya mutu a hannun sojojinsa a Maijirgi a watan Yuli, da jan biro bai taɓa ka ba. Idan hutu ya zo, ku haɗa kuɗin mota kai da abokin naka ku wuce Tasawa kaɗan, ku nemi a nuna muku kaburburan, ku kuma zauna da tsofaffin garin ku ji yadda su suke ba da labarin.