Amsa ga mai tambaya kan baƙaƙen ƙwarin da suka cika robar tana

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙananan ƙwari baƙaƙe na tashi duk lokacin da ka buɗe robar da kake kiwon tana, har kana tunanin fesa magani. Don Allah kar ka fesa, balle fiya-fiya. Tana da fatarta take numfashi, ita za ta riga su mutuwa.

Fara duba su da kyau. In jajayen idanu ne da su kuma suna bin ɓawon ayaba, ƙudan kayan marmari ne. In kuwa sirara ne, masu dogayen ƙafafu kamar ɗan sauro, sun fi gudu a kan taki fiye da tashi, to ƙwarin fumfuna ne. Babban ƙwaron kwana bakwai zuwa goma kawai yake yi, amma macen na zuba ƙwai fiye da ɗari a saman taki mai laima, cikin mako uku zuwa huɗu wasu sun taso. Shi ya sa kashe na sama ba ya ƙarar da su. Yanka dankalin turawa ka kifa a kai, bayan kwana biyu ka ɗaga, za ka ga tsutsotsin, farare masu baƙin kai.

Abin da ya fi yi min aiki shi ne in busar da sama in bar ƙasa da danshi. Dakatar da abinci na mako biyu ko uku, tana ba za ta mutu ba, za ta ci kwalin da ke ciki. Yayyaga busasshen kwali ko jarida ka shimfiɗa da kauri, kamar tsawon yatsa. In ka damƙi takin ruwa ya zubo fiye da ɗigo biyu, ya yi yawa, musamman da damina. Ɓawon kankana shi ne babban mai laifi a nan. Da ka dawo da abinci, binne shi, kar ka watsa a fili, sannan ka ɗaura tsohon gidan sauro a bakin robar.

Manyan kuma, rataya kwali mai ruwan ɗorawa ka shafa masa basilin, su manne. Tarkon ruwan tsami da ake yawan faɗa na ƙudan kayan marmari ne, waɗannan ba su cika kula shi ba. Toka ma ka bar ta, tana ƙona jikin tana. In abin ya ƙi, nemi Bti, ƙwayar halittar da ake kashe tsutsar sauro da ita. Jiƙa ta a ruwa ka yayyafa sau ɗaya a mako har wata guda, ba ta cutar da tana.