Kafin ka taɓa lissafin ɓangare, san abin da ba ya canzawa

Ka ce in faɗa maka abin da za ka fara karantawa a kan lissafin ɓangare, wato yadda ake ciyar da manhaja wani sashe na bayananta tun da wuri, ta haifo wata ƙaramar manhajar da ta fi ta gudu. To, yaro, da wani abu daban ka tambaya da na ce ka je ka nema da kanka. Wannan kuwa ya sosa min inda yake min ƙaiƙayi.

Littafin guda ne, na Neil Jones da Carsten Gomard da Peter Sestoft, Partial Evaluation and Automatic Program Generation, wanda ya fito a 1993. Yana nan kyauta a intanet. Karanta babi na 1, ka tsallaka zuwa babi na 4, inda suka gina komai a kan wani ɗan ƙaramin harshen kwamfuta. In ya yi maka nauyi, Jones yana da gajeriyar gabatarwa ta 1996 a mujallar ACM Computing Surveys. Ba zan tsaya ina yi maka dogon bayanin bambancin tafinta (mai karanta manhaja yana aiwatar da ita nan take) da kwamfaila (mai juya ta gaba ɗaya zuwa wani harshen kwamfuta kafin a kunna ta) ba. Wanda bai san wannan ba, me ya kawo shi nan?

Ga dalilin da ya sa na zauna da kai. Wani mutum ya taɓa kawo min manhajar da take tantance bayanai bisa wani dogon jerin ƙa'idoji. Tafiyar hawainiya take yi, don duk bayanin da ya shigo sai ta koma ta karanta ƙa'idojin tun daga farko, ta fassara su, sannan ta yanke hukunci. Na tambaye shi, ƙa'idojin nan suna canzawa? Ya rantse ya kuma rantsewa, sai shekara-shekara. Na zauna na rubuta mai keɓewa, wato kod ɗin da ke yin lissafin ɓangaren, na ba mai keɓewar manhajar da jerin ƙa'idojin, ya narkar da su a cikin kod ɗin, fassarar nan duk ta ɓace. Aikin da ake kwana ana jira ya koma ana gamawa kafin a tashi daga kujera. Mutumin nan har da riƙe min hannu yana godiya.

Ashe ya san za a sauya ƙa'idojin ba da jimawa ba, ya ɓoye min don kada in saka mai keɓewar a cikin ciniki. Da sauyin ya zo, abin yi bai wuce a sake kunna mai keɓewa a kan sabon jerin ba. Sai ya ƙi kira na. Ya ɗauki kod ɗin da inji ya haifa ya miƙa wa wani yaro sa'anka, wai ya gyara da hannu. Kod ne fa marar fuska: ayyuka iri ɗaya birjik, sunayensu f1, f2, f3, ba sharhi ko layi ɗaya, kowace ƙa'ida ta warwatsu a wurare da yawa. Yaron ya gyara wuri guda ya bar sauran. Sakamako ya fara fitowa a karkace. Kamar riga ce da tela ya yanka daidai awon mutum, a ba wani ya saka, ta yage, a ce laifin tela ne. Haka ya bi gari yana cewa aikina ba ya ƙarko. Cikon kuɗina ya danne, wani babban aikin da nake sa rai ya suɓuce saboda bakinsa. Abin da ya fi ci min rai, daga baya na ji da manhajar tawa yake ci gaba da aiki. Wallahi har gobe ban huce ba.

Shi ya sa in kana karatun nan, ka sa ido a kan rabon da suke yi tsakanin bayanin da aka sani tun kafin aiki da wanda sai manhaja tana gudana ake saninsa. Nan ƙashin bayan sana'ar yake. In ka ɗauki mai canzawa a matsayin tsayayye, ko dai kod ya kumbura, ko mai keɓewar ya yi ta haihuwa ba tsayawa. Kuma duk abin da wanda ya ba ka aiki ya ce maka ba ya canzawa, ya rubuta ya sa hannu.

Ku yaran yanzu da kun ji GraalVM, wani dandalin gudanar da manhajoji, yana amfani da dabarar nan sai ku ɗauka jiya aka ƙirƙiro ta, ku kalli bidiyo guda ku ce kun iya. Yoshihiko Futamura, ɗan Japan, ya fara bayyana ta tun 1971, ta kuma kai matakai uku: keɓe tafinta a kan wata manhaja, ka samu manhajar a fassare, keɓe mai keɓewa a kan tafinta, ka samu kwamfaila, keɓe shi a kan kansa, ka samu injin ƙera kwamfaila. Sai a tsakiyar shekarun 1980 mutanen Jami'ar Kofanhegan a Denmark suka gina Mix, mai keɓewar da ya iya keɓe kansa a aikace. Kada ka doshi mataki na uku yanzu.

Ka fara da aikin da yake ninka x da kansa sau n. Ka tsayar da n a 5, ka warware shi da biro a kan takarda har madaukin, wato umarnin maimaitawa, ya ɓace, ya rage ninki zalla. Sannan ka tsayar da x ka bar n a buɗe, ka ga ko za ka samu abin kirki. Ka kawo min takardun biyu in duba kafin ka buɗe babi na 4.